Shekarar da Na Kira 'Yata Orfelin

Tun ina ɗauke da cikin yayarku nake tsoron ruwa. Ni 'yar Zongon Sokode ce, ruwan da na sani na rijiya ne da na randa, sai rafin da muke wanki, wanda ko a tsakiyar damina bai wuce ƙugu ba. Da aka kai ni gidan babanku sai na tsinci kaina a kan tsibiri a tsakiyar kogin Oti, ruwa gaba, ruwa baya. Masunta ne a wurin, kakanninsu daga Kwara suka biyo kifi har suka zauna, garin kuma Tunga kawai ake ce masa. Daga Dapaong ake bin jar hanya a yi gabas, mota ta tsaya a gaɓa, a shiga kwalekwale. Mafarki ɗaya ya riƙa zo mini tun kafin in haihu: wata yarinya zaune a kwalekwale, ba mai tuƙi, ruwa na tafiya da ita a hankali, ni ina tsaye a gaɓa ina ganin ƙeyarta. Nakan buɗe baki in kira ta, sai in rasa da wane suna zan kira. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ɗauka kogin ne zai cinye mini ita, shi ya sa na yi shekaru ina gadin abin da bai kamata in yi gadi ba.

Ku 'yan yanzu kuna rungume 'ya'yanku na fari a kasuwa, kuna kiran sunansu a gaban kowa. Mu ba haka muka tashi ba. 'Yar fari kunyarta ake ji. Ba ka faɗin sunanta, ba ka yi mata wasa a gaban mutane, in ta faɗi wata ce za ta ɗaga ta. Tawa kunyar kuma ninki biyu ce, don sunan surukata aka sa mata, wadda duk Tunga ke ce wa Iya. Da aka yaye ta sai ta koma ɗakin Iya, can take ci, can take kwana. Mutanen gida na ce mata Mai-sunan-Iya. Ni kuwa "ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Amma na san sawun ƙafarta a cikin sawun yara ashirin a bakin ruwa. In na tuƙa tuwo nakan ware mata ƙanzon da ya fi daɗi in tura ɗakin Iya, in ce ragowa ce.

Tana da shekara biyar anasara suka fara zuwa. Turis ake ce musu. Dorina suke zuwa gani, da tsuntsaye, da yadda muke zaune. Mazan gari suka kafa komite, Sarkin Ruwa a sama, Idi ƙanin babanku ya zama sakatare don shi ne ya yi lekol, wato makarantar boko, har ya iya Faransanci. Aka gina bukkoki huɗu a ƙarƙashin tsamiya, aka raba aiki gida gida: wannan gida girki, wancan wanki, wancan tuƙin kwalekwale. Babanku da motarsa yake ɗauko su daga Dapaong, ya sauke su a gaɓa ya koma. Ba zan ɓoye alherin abin ba. Dalilinsu aka haƙa mana rijiya muka daina shan ruwan kogi, ciwon ciki ya ragu, aka fara ginin lekol. Amma akwai abin dariya. In za su zo, Idi yakan zagaya gida gida yana cewa a ɓoye robobi da rediyo, a fito da ƙorai. Samari suka jingine taru suna yawo da baƙi. Rawar da ba a yi sai an yi biki ta zama ta kowane mako.

"Idi," na ce masa wata rana, "in suka sake zuwa ni ma ɓoye ni za ka yi? Ai zanena na kanti ne."

"Ke matar Yaya, ki riƙa ɗaura shi a juye dai, sa ɗauka saƙi ne."

Lokacin nan in na tuna shi kamar ba a farke na yi shi ba. Da sassafe ruwa yakan yi tururi, kwalekwale ya ratsa ciki da farare zaune shiru, kowa da madubin hangen nesa a ido, balbelu na tashi a gabansu. Dorina ta fito da kunnuwanta ta sake nutsewa, su kuma su dafe ƙirji kamar sun ga aljanna. Mu muna wanke-wanke a gaɓa muna kallonsu suna kallon abin da muka gaji da gani. Iya takan ce, "Baƙo raɓa ne, ku dai kar ku jefar da randa."

A cikinsu akwai wata dattijuwa, Madam Odet, mai furfura kamar auduga. Sauran in sun zo sau ɗaya shi ke nan, ita kuwa duk rani sai ta dawo. Mace ce mai lura, kuma lurarta ce ta jawo komai. Ta ga ina goye da Sani ƙanin yayarku, ina yi masa rawa, ina share masa hanci. Ta ga wata yarinya tana bin mu daga nesa, ban ko waiwaye ta. Ranar da girki ya zo kan gidanmu, muna zaune a tsakar gida da Iya da matan maƙwabta, sai ta nuna yarinyar, ta nuna ni, ta yi magana.

Idi ya ce, "Wai tana tambaya, 'yarki ce?"

A gaban surukata! Na ja mayafi na rufe fuska, na faɗi abin da kowace uwa ke faɗa in an matsa mata.

"Ni ban san ta ba. Tsintar ta aka yi a bakin ruwa."

Mata suka fashe da dariya, Iya ma ta yi murmushi, don na nuna tarbiyya. Idi ya juya maganar da Faransanci kalma kalma, bai ƙara ba bai rage ba. Ita Madam ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa a gaban yarinyar, ta shafa kanta, ta ce wata kalma a hankali: orfelin.

Ku saurare ni a nan, don nan ne kuskurena. A Sokode muna da maƙwabta Kirista masu suna Jaklin da Polin da Selin. Da na ji orfelin sai na ɗauka suna ne irin nasu, laƙabi ne ta sa mata don so. Kuma wallahi daɗi na ji. Shekara biyar ina da 'ya ba ni da abin kiranta, yau ga suna ya faɗo daga sama, ba na yanka ba, ba na surukata ba, ba kunya a cikinsa. Washegari da ta zo wucewa ta ƙofar madafa na ce, "Orfelin, zo ki karɓi ƙanzo." Ta tsaya ta dube ni, don ba ta taɓa jin na kira ta da wani abu ba. Ta zo da gudu. Daga ranar bakina bai huta da sunan ba. Ina kiransa a rijiya, ina kiransa a gaban baƙi, ina kiransa a gaban Madam Odet, ita kuma ta gyaɗa kai idonta ya cika da hawaye. Duk gari suka ɗauka. Babanku Faransancinsa na hanya ne, na jandarma da takardun mota, bai san kalmar ba. Mutum ɗaya ne a Tunga ya san ma'anarta, shi kuwa ya ga tun da aka fara faɗinta baƙi suka ƙara sakin hannu, magani na zuwa kwali kwali, kwanon rufin lekol ya iso. Sai ya yi shiru. Shekara biyu muka yi a haka.

Sai ƙasa ta rikice. Rediyon da muke ɓoyewa ya cika da kalmar dimokuraɗiyya, wadda a lokacin ban san ko mutum ce ko cuta ba. Ana cewa a Lome an rufe kasuwa, ma'aikata sun daina aiki, samari na ƙona taya a titi. Mutane suka faɗa gandun dajin gwamnati da bindigogi, har ƙarar harbi mukan ji daga ƙetare, dorinar ma suka daina fitowa da rana. Baƙi suka ragu, suka ragu, har ya zama Madam Odet kaɗai ce a bukkokin nan huɗu. A cikin wannan hali aka aiko cewa mahaifina ba lafiya. Na goya jaririyata, Lami ce a lokacin, na tafi Sokode. Yayarku na bar ta wurin Iya kamar kullum. A cikin kayana na sa wata takarda mai sheƙi da Idi ke raba wa baƙi, don akwai hotonta a jiki, tana tsaye a bakin ruwa da ƙwarya a ka. Ban iya karatu ba a lokacin. In ba kowa nakan fito da ita in kalla.

Mahaifina ya samu sauƙi. Wata la'asar muna zaune a gidan Yaya Asabe, babbar yayata, sai maƙwabciyarta ta shigo, Maman Aliya, Bakotokola ce, ba Bahaushiya ba, ungozoma a asibiti. Hira ta yi daɗi har na manta kaina na fito da takardar.

"Ga Orfelin tamu," na ce.

Maman Aliya ta karɓa ta duba. Hausarta irin ta kasuwa ce.

"Ayya, yarinya mai kyau. Uwansa ya mutu yaushe?"

Yaya Asabe ta ce, "Wace uwa? Ga uwar nan zaune tana cin gyaɗa."

"To don me kuna ce masa orfelin? Orfelin ai maraya ne. Wanda ba uwa, ba uba." Ta sa yatsa a ƙarƙashin hoton tana bi. "Nan an rubuta, an tsince shi bakin ruwa, wata tsohuwa na riƙonsa. An ce ana neman mai kai shi lekol a waje."

Ban san lokacin da gyaɗar ta zube daga hannuna ba. Na ji kamar an cire ƙasan ɗakin. Shekara biyu, da bakina, safe da yamma, ina kiran 'yata marainiya, ita kuma tana amsawa da murna. Sai na tuna kafin in taho na ga Madam tana auna ƙafar yarinyar da zare. Na ɗauka takalmin salla ne.

Yaya Asabe ta ce hanya ba kyau, in bari a kwana biyu. Ban bari ba. Motar haya babu, sai wata babbar mota da ta taho daga Blitta da buhunan masara na samu, na hau baya da goyona. Ba zan iya lissafa shingayen da muka wuce ba. Wani na soja, wani na samari da sanduna da ganye a ka, kowa na tambaya ku na wane ne. Direban yakan ce, "Mu na masara ne." Ni idona a kan hanya, amma kogin nake gani, da ƙeyar nan ta cikin mafarki. Sai washegari da hantsi muka shiga Dapaong. Na sami babanku a tasha yana zuba wa motarsa ruwa.

"Lafiya? Yaya jikin Baba?"

"Da sauƙi. Ina za ka?"

"Tunga. An ce duk anasara su bar ƙasa. Zan ɗauko Madam in kai ta Sinkase, bakin iyaka, ta ƙetara Wagadugu. Idi ya aiko wai ita da wata marainiya da za ta sa a lekol."

"Wace marainiya ce a Tunga da ba ka sani ba?"

Ya tsaya da galan a hannu. Na ga yana zagaya gidajen garin a ransa ɗaya bayan ɗaya. Ruwan ya cika ya zubo a ƙafarsa bai sani ba. Ya buɗe mini ƙofa.

Mun isa gaɓa rana ta karkata, ruwan ya yi ja kamar an narka tagulla. Rabin gari sun riga sun ƙetaro rakiya, Sarkin Ruwa da 'yan komite da mata. Kwalekwale na ƙarshe yana tsakiyar kogi. A ciki ga Madam Odet, ga Idi da takardu a leda, ga Iya, wadda aka gaya wa wai lekol ɗin Dapaong za a kai jikarta, ga kuma yayarku da farar riga da jan takalmi. A mafarki ƙeyarta nake gani, ranar nan kuwa fuskarta ce ke matsowa, tana ta murmushi. Suka sauka. Ta wuce ta gabana kamar yadda na koya mata, ba ta tsaya ba, hannunta cikin na Madam, suka nufi mota. Na dubi babanku. Ya sunkuyar da kai yana kallon taya, don shi ma 'yar farinsa ce, ga uwarsa tsaye. Na buɗe baki. Orfelin ne ya fara zuwa, na haɗiye shi kamar ƙaya. In na ce "ke", yara nawa ne a wurin? Madam ta riga ta kama murfin mota.

"Rahinatu!"

Ban san ina da murya irin wannan ba. Har ƙetare ta je ta dawo. Gaɓa ta yi tsit. Wata mata ta ce, "La ila!" ta toshe baki. Yarinyar ta tsaya cak, ba ta ma tabbata da ita ake ba. Sai Iya ta gyara tsayuwa a kan sandarta.

"Na'am," ta ce. "Ga ni. Shekara takwas kina gidana, sai yau kika ga damar kirana?"

Wasu suka yi dariyar da ba su shirya ba. Iya ta ci gaba:

"Wace a cikinmu kike nema, babbar ko ƙaramar?"

"Ƙaramar, Iya. 'Yata ce. Ni na haife ta. Sunan nan da muke kiranta, marainiya yake nufi. Ba Dapaong za a kai ta ba, ƙasar za a bari da ita."

Iya ta juya a hankali ta dubi ɗanta Idi.

"Iya, lekol ne fa," ya ce. "Gatan da ba wanda ya taɓa samu a Tunga. In Madam ta ji wannan magana, wa zai sake zuwa? Wa zai ƙarasa ginin?"

"Juya mata," in ji Iya. "Kalma kalma, yadda ka juya wancan."

Ya juya. Na ga fuskar Madam Odet ta canza, ta saki murfin motar, ta zauna a ƙasa a kan yashi da tsufanta. Ta yi tambaya ɗaya, Idi ya ce wai in 'yata ce, don me ban taɓa ɗaukarta ba, don me na ce tsintar ta aka yi? Iya ta ce a gaya mata kunya ce. Idi ya buɗe baki ya rufe, ya ce babu wannan a Faransanci, wadda ke akwai ta mai laifi ce. Haka muka tsaya, ni da matar da ta so 'yata tsakani da Allah, ba kalmar da za ta ƙetara tsakaninmu. Daga ƙarshe ta tashi, ta kamo hannun yarinyar ta sa a nawa. Shi ne karo na farko da na riƙe hannunta a gaban mutane. Zafi ne da shi, kuma tana ƙoƙarin zarewa, tana kallon motar.

Madam ta tafi ita kaɗai. Ba ta sake dawowa ba, ba wani turis da ya sake taka Tunga. Wataƙila rikicin ƙasa ne, wataƙila abin da ta je ta faɗa ne, ban sani ba har yau. Amma mutanen gari sun yanke nasu hukuncin. Lekol ya tsaya rabi da rufi rabi babu, bukkoki suka rushe, samari suka koma ga taru suka tarar ɓera da gara sun gama da shi. In na je rijiyar da anasara suka haƙa sai hira ta mutu. Ana cewa ga marar kunyar da ta kira sunan surukarta ta kore mana baƙi. Iya kaɗai ce ta tsaya mini, takan ce, "Sunana ne, ni aka kira, na kuma amsa. Ina ruwanku?" Da ta rasu, babanku ya kwashe mu muka koma ɗaki ɗaya a Dapaong. Shi ya sa kuka tashi ba ku san gidan kakanninku ba. Idi kuwa mun shirya kafin ya bar duniya, kada ku riƙe shi.

Yayarku ta yi lekol aji huɗu ta bari, don ƙasar ba ta zauna ba, mu ma ba mu zauna ba. Kun san rayuwarta, kun san tun asuba take kan wuta tana suyar ƙosai a bakin tasha. Ta tashi tana jin ana cewa uwarta ce ta hana ta Turai. Sau ɗaya ta yi mini maganar, ranar da ɗanta ya kwanta asibiti muna zaune a baranda. Ba da faɗa ba, a hankali ta ce:

"Inna, da kin yi shiru ranar nan, kamar yadda kika saba."

Na koma kunyata, ita na iya. Kuma ba zan ce muku na tabbata na yi daidai ba. Wataƙila da yanzu likita ce a wata ƙasa mai sanyi. Amma da ta tafi da takardar da ta ce ba ta da uwa, da ta girma tana tuna wata mata a wani tsibiri da ke ba ta ƙanzo tana kiranta marainiya. Wannan ne na kasa bari. Jan takalmin nan yana ƙasan akwatina, ba ta sani ba.

Da tsufana na shiga ajin manya na koyi boko, don kada takarda ta sake yin magana a kaina ban ji ba. Sunanta sau ɗaya ya fita daga bakina, yau kuma sau ɗaya ya fita daga hannuna, na fi rabin yini kafin in iya rubuta shi. Idonta ya yi rauni da hayaƙi, ba za ta iya karanta wannan ba. Abin da nake roƙo, ɗayanku ya je ya same ta bayan ta sauke kasko, ya zaunar da ita ya karanta mata tun daga farko. In ya zo wurin sunan, kada ya tsallake don kunyata, kada kuma ya sassauta murya. Ya faɗe shi da ƙarfi yadda na faɗa, ya jira har ta amsa.